Na Yi Ƙaura Da Tankin Kifina, Ta Ina Zan Fara Sake Haɗa Shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan ina kiwon kifin ado a tankin gilashi mai cin lita 120. Jiya muka taso daga Kaduna zuwa Kano. Ina da gupi da moli wajen goma sha biyar, anjel biyu, koridoras huɗu da fileko ɗaya, duk suna cikin bokitai biyu har yanzu. Soson filta na ƙulle shi a leda da ɗan ruwan tankin, tsirrai ma haka. Tsakuwar kuwa na wanke ta tas da ruwan famfo na shanya. Na taho da jarka biyu ta tsohon ruwan, kowace lita 25. Sabon gidan ruwan burtsatse ake amfani da shi, ga kuma sanyin hunturu. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya alheri a sabon gida, ya sa an shiga a sa'a.

Kafin ka gama karanta amsar nan, ajiye wayar ka je ka kwance ledar da soson filta yake ciki, ka shinshina shi. Idan ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yake yi, irin na ruwan farko, to da ransa. Idan warin ruɓaɓɓen ƙwai ya buge ka, ya fara shaƙewa ke nan, sai ka ɗebi ɗan tsohon ruwa daga jarka a kwano, ka matse shi a ciki sau biyu ko uku a hankali, ka zubar da ruwan. Ko ya yi wari kada ka jefar da shi. Daga nan ka samo babban baho na roba, sabo ko wanda sabulu bai taɓa shiga ba, ka juye kifayen bokitan biyu a ciki, ka ƙara musu kamar lita goma daga jarka, ka mayar da soson cikin filta, ka saka filtar a bahon ka kunna. In filtarka irin wadda ake ratayawa a bakin tanki ce ba ta zama a baho, jefa soson kawai cikin ruwan kusa da dutsen iska, wato ɗan dutsen da injin iska ke fitar da kumfa ta cikinsa. Ka ɗora bahon a kan katako ko kwali, domin tayil a wannan lokacin ƙanƙara ne, ka rufe samansa da raga ko wani yadi saboda moli akwai tsalle. Abinci kuwa kada ka ba su ko ƙwaya ɗaya.

In ka yi wannan ka sayi kwana biyu zuwa uku, kuma su kake bukata don ka yi sauran aikin a natse.

Abin da ya sa na fara da soso shi ne, a duk kayan da ka ɗauko daga Kaduna babu mai tsadarsa, duk da cewa shi ne mafi muni a ido. Kifi yana fitar da amoniya ta wurin numfashinsa da kashinsa, ragowar abinci ma in ya ruɓe amoniya yake zama. A tafki ko kogi ruwa ya yi yawan da ba za ta taru ba. A cikin gilashi kuwa guba ce mai kisa cikin 'yan kwanaki. Abin da ya raya kifinka shekara biyu wasu bakteriya ne masu amfani, rukuni biyu. Na farko, irin su Nitrosomonas, suna cin amoniya su mayar da ita naitirait, wadda ita ma guba ce. Na biyu suna cin naitirait ɗin su mayar da ita naitiret, mai sauƙin illa, wadda kake ragewa duk lokacin da ka canza ruwa. Tsofaffin littattafan kiwon kifi duk Nitrobacter suke ambata a wannan mataki na biyu, sai a ƙarshen shekarun 1990 bincike ya nuna cewa a tankin ruwan daɗi Nitrospira ce ke yawancin aikin. Sunan bai dame ka ba. Abin da ya shafe ka shi ne halinsu: manne suke a jikin abubuwa, musamman soso da tsakuwa, kaɗan ne ke yawo a ruwa. Suna bukatar danshi da iskar oksijin. Kuma hayayyafarsu nawa gare ta, kusan yini guda suke ɗauka kafin yawansu ya ninka, alhali bakteriyar da ke lalata miya cikin ƙasa da awa ɗaya take ninkawa. Shi ya sa sabon tanki fil yake cin mako huɗu zuwa shida kafin ya zauna.

To ka ga inda ka yi asara. Tsakuwar da ka wanke da ruwan famfo ka shanya a rana ta mutu, ta koma dutse kawai. Ban ga laifinka ba, kusan kowa haka yake yi, mutum zai shiga sabon gida yana son komai ya shiga fes. Ni ma a ƙaurata ta farko na bar wa ƙanena aikin kwashe tanki, shi kuma don ya burge ni ya wanke tsakuwa da soso da filta da garin sabulun wanki, har da goge gilashi yana ƙyalli. Na yi ta ɗauraya, amma kafin mako ya zagayo kifi uku ne suka rage cikin ashirin da wani abu. Kai naka da sauƙi, tunda soson na nan. Ka ƙaddara cewa wani kaso na rundunarka ya tafi, wanda ya rage zai cike giɓin cikin mako ɗaya zuwa biyu in ba ka ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa ba. Duk abin da zan faɗa daga nan, dabarar rage masa nauyi ce har ya murmure.

Sai tankin kansa. Zaɓi wurin da zai zauna sau ɗaya, don in ya cika ba ya motsuwa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, in ka haɗa da gilashi da tsakuwa da duwatsu, naka zai doshi kilo 150, wato buhun siminti uku. Teburin falo na ado ba zai ɗauka ba. Ka nisanta shi da tagar da rana ke faɗowa kai tsaye, in ba haka ba gansakuka za ta rufe gilashin, kuma da bazara ruwan zai yi zafin da ba ka so. Ka nisanta shi da kicin da bakin na'urar sanyaya ɗaki, ka kusanta shi da soket.

Daidaiton wurin ya fi komai muhimmanci a nan, kuma shi mutane suka fi rainawa. Gilasan tanki silikon, wato gam ɗin haɗa gilashi, ne kawai ke riƙe da su. Idan kusurwa ɗaya ta fi sauran sauka, nauyin ruwa yana murɗa tankin dare da rana, ba za ka ga komai ba sai bayan wata biyu ko uku ka tashi da asuba ka taka ruwa. Ara ma'aunin nan na magina mai ɗigon ruwa a ciki, ka gwada teburin ta tsawo da ta faɗi. In babu, zuba ruwa kamar tsawon yatsa a tankin ka auna tsayinsa a kusurwoyi huɗu da rula. Gyaran kuma a ƙarƙashin ƙafar tebur ake yinsa, da siririn katako mai ƙarfi, kada ka cusa komai ƙarƙashin gilashin. Idan gindin tankinka shafaffen gilashi ne, kamar yawancin waɗanda masu yankan gilashi ke haɗawa a nan, shimfiɗa masa farin soson nan da ake naɗe firji ko talabijin da shi a kwali, mai kaurin kamar santimita ɗaya, domin ƙwayar yashi guda tsakanin gilashi da katako ta isa ta tsaga shi. In kuwa mai firam ɗin roba ne a ƙasa, a kan firam ɗin aka yi shi ya zauna, ba ya son soso.

Tankin ya yi tafiyar fiye da kilomita 200 a mota, ya sha jijjiga ta Zariya har Kano, don haka kada ka yarda da shi sai ka gwada. Bi kowace kusurwa da tocila da yatsa, kana neman inda silikon ya ɗago, ko ya yi fari da ƙananan kumfa a ciki, ko gefen gilashi ya ɓantare. Sannan ka shimfiɗa tsohuwar jarida kewaye da shi, ka cika shi da ruwan burtsatsen a hawa uku, kana dakatawa rabin awa tsakani kana dubawa. In ya cika, saka dutsen iska a ciki ka bar shi yini da kwana. Jarida ba ta ɓoye ɗigo. Idan ka ga yoyo, kada ka shafa silikon a kan tsoho ta waje, ba ya kamawa. Sai an kankare tsohon an sake, da silikon zalla marar maganin hana fumfuna, domin irin na banɗaki da kicin yana kashe kifi, kuma a bar shi ya bushe aƙalla kwana biyu. A irin wannan hali kifayen sai su ci gaba da zama a baho kana canza musu ruwa kullum.

Gwajin nan jifa ɗaya ne ya kashe tsuntsu biyu, domin ruwan da ya kwana yana shan iska shi ne za ka yi amfani da shi. Ruwan burtsatse yana fitowa daga ƙasa da ƙarancin oksijin, sau da yawa kuma da iskar kabon mai yawa a narke. Iskar kabon ɗin tana danne ma'aunin tsami da ake kira pH, in ta fice sai ya hau. Saboda haka adadin da za ka samu a bakin famfo ba shi ne na gaskiya ba, na bayan kwana guda shi ne. Na sha ganin mutum ya auna a famfo ya ga ya yi daidai da tsohon ruwansa, ya zuba kifi, washegari ruwan ya canza a kansu.

Ka tambayi mai gidan ko maƙwabta ko ana zuba kilorin a tankin sama, wasu gidajen suna yi. In ana yi, ko in wata rana ka koma ruwan famfo na gwamnati, dole ka riƙa amfani da maganin kashe kilorin. Kilorin zalla yana ficewa in ruwa ya kwana yana shan iska, amma ɗan'uwansa kiloramin ba ya fita ta haka. Seachem Prime na daga cikin magungunan kashe kilorin da aka fi sani, mililita 5 ga lita 200, ka ga ɗan kaɗan ne ke isar naka. Idan kuma za ka sayi ruwa wurin 'yan garuwa, ka ba su jarkokinka na kanka, waɗanda ka san fetur ko manja ko sabulu bai taɓa shiga ba.

In da hali, ka sayi kayan gwajin ruwa na ɗigo. Na kamfanin API akwai kwalin da ya haɗa pH da amoniya da naitirait da naitiret. Na fi yarda da na ɗigo a kan na takarda, kuma in aka ce in zaɓa tsakanin sayensa da sayen sabon kifi ko fitilar ado, shi zan saya. Ka auna ruwan jarka, ka auna na tankin da ya kwana. Idan bambancin pH bai wuce 0.5 ba, ka kwantar da hankalinka. Idan ya kai 1 ko ya fi, sai an bi a hankali wajen sabar da kifin. Abin da ba na so ka yi shi ne sayen ruwan maganin ɗaga pH ko saukar da shi. Ruwan Kano za ka yi ta zuba musu shekara da shekaru, gara su saba da shi tun yanzu da a riƙa wujijjiga su duk mako. Gupi da moli ma sun fi son ruwa mai ɗan nauyi, anjel da koridoras na kasuwa kuma yawanci haihuwar tanki ne, suna sabawa. Ka kuma auna naitiret na ruwan burtsatsen tun kafin kifi ya shiga, domin a unguwa mai cunkoso inda ramukan masai ke kusa da burtsatse yakan zo da nasa tun daga ƙasa. Ya kamata ka san adadin da ka fara da shi.

In tanki ya ci jarrabawa, zuƙe kamar rabin ruwan da tiyo zuwa wasu robobi, kada ka zubar, zai yi maka amfani wajen canjin ruwa gobe. Ɗauraye tsakuwar sau ɗaya don ƙurar hanya, ka zuba ta a hankali da kwano, kaurinta kada ya wuce santimita biyar. Jera duwatsu da itace, kada ka manta da itacen fileko da wurin ɓuyansa, in ya rasa maɓoya yakan takura. Duwatsu masu nauyi su zauna daram kafin tsakuwa ta kewaye su, kada wani mai tono ya kwashe ƙasansu su faɗo kan gilashi. Sai ka juye ragowar ruwan jarka, kana zubawa a kan faranti don kada ya tono ƙasa, ka cike da na burtsatse. Amfanin tsohon ruwan nan shi ne ya rage tazarar da ke tsakanin ruwan da suka sani da wanda za su shiga. Bakteriyar da ke cikinsa ba ta taka kara ta karya ba, don haka kada ganin ka zuba shi ya sa ka saki jiki.

Tsirrai ka cire musu duk ganyen da ya yi laushi ko ya yi baƙi a leda, ruɓarsa ƙarin amoniya ce. Idan akwai Anubias ko irin ganyen nan da ake kira Java fan, kada ka binne kaurin jijiyarsu a tsakuwa, ruɓewa take yi, ɗaure ta za ka yi da zare a jikin itace ko dutse. Anubias ma 'yar gida ce, daga Afirka ta Yamma da ta Tsakiya take. Idan kana da Kiriftokorin ka ga ganyenta ya narke gaba ɗaya bayan kwana biyu, halinta ne in an canza mata ruwa, bar saiwar a inda take za ta sake tohowa.

Hita kana bukatarta yanzu. Daren hunturu a Kano yakan sauka ƙasa da digiri 15, kifayenka kuma tsakanin 24 da 28 suke so. Mai wat 100 ta isa wannan tankin, ka saita ta a 26. Ka nutsar da ita ta yi minti ashirin zuwa talatin a ruwa kafin ka kunna, kuma duk ranar da za ka rage ruwa ka kashe ta tukuna ta huce, in ba haka ba gilashinta fashewa yake yi. Kowace waya da ta fito daga tanki ka bar ta ta sauka ƙasa da soket sannan ta hau, yadda ɗigon da ya biyo ta zai faɗi ƙasa maimakon ya shiga wuta. Ka sa ma'aunin zafi na daban, lambar da ke jikin hita ba kullum take faɗin gaskiya ba.

Filta ita ce ta ƙarshe da za ta bar baho, kuma tare da kifi za ta koma, a rana ɗaya. Wasu za su ce ka kunna tanki ya yi mako guda babu kifi. Wannan shawarar sabon tanki ce, ko a can ma ba ta da amfani in ba a ciyar da bakteriyar ba. A halinka, barin kifi fiye da ashirin a baho ba filta ya fi haɗari nesa ba kusa ba. Lita 120 ta fi lita 30 iya shanye dattinsu, don haka duka za su koma.

Yadda za ka mayar da su: da farko zafin ruwan biyu ya zo kusa, bambancin kada ya wuce digiri ɗaya ko biyu. Rage ruwan bahon ya koma kamar rabi, sannan duk bayan minti biyar ka zuba kofi biyu ko uku na ruwan tanki a ciki, har yawan ruwan ya ninka, abin da zai ɗauke ka minti talatin zuwa arba'in da biyar. Amma akwai tarko a nan. Amoniya kala biyu take zama a ruwa, ɗaya mai guba, ɗaya mai sauƙi, kuma pH ne ke raba su. A digiri 25, in pH yana 7, wajen rabin kashi ɗaya cikin ɗari ne kawai mai gubar. In ya kai 8 sai ya zama wajen kashi biyar, ninki goma ke nan. To idan ruwan bahon ya tara amoniya, ruwan burtsatsen kuma ya fi shi pH, duk kofin da ka zuba tayar da gubar yake yi. Saboda haka ka auna bahon kafin ka fara. In amoniyar ta kai 1 a ma'aunin kayan gwajin, ɗiga masa Prime, ka taƙaita aikin zuwa minti goma sha biyar ka kwashe su.

Gupi da moli da raga za ka ɗebe su. Koridoras da fileko suna da ƙaya a fiffikensu, tana sarƙewa a raga, kuma sukar koridoras akwai zafi, da kofin roba ake kama su. Anjel su shiga a ƙarshe, bayan ƙananan sun sami wurin fakewa, don su ne masu son mallakar fili. Ruwan bahon a zuba wa shuka, kada ya shiga tanki. Kashe fitila, rufe murfi, ka hana yara buga gilashi har gobe.

Makonni biyu masu zuwa su ne ainihin aikin, kuma yawancinsa haƙuri ne. Ranar farko babu abinci. Daga rana ta biyu ɗan abin da za su cinye cikin minti ɗaya, kwana ɗaya a ba su kwana ɗaya a tsallake, har mako ya cika. Za su taru a gaban gilashi suna kallonka kamar marayu, mutanen gida kuma za su ce kana zaluntar bayin Allah. Babban kifi mai lafiya yana mako guda bai ci ba ba abin da ya same shi, amma abinci mai yawa a kan filtar da ba ta murmure ba yana kisa cikin kwana uku. Ka ɓoye robar abincin inda yara ba za su kai ba.

Kullum da safe ka auna amoniya da naitirait. Abin da ake so sifili ne duka biyun. In ɗayansu ya kai 0.5, canza kashi ɗaya cikin uku na ruwan. In ya kai 1, canza rabi, lissafin a fili yake, rabin ruwa ya fita rabin guba ta fita. Ruwan canjin ya kasance wanda ya kwana a roba, zafinsa kusa da na tanki, kada ka kwararo na tankin sama da sassafe yana sanyi ƙarara. Canjin ruwa ba ya hana bakteriya girma tunda a soso suke, kada wani ya tsorata ka da wannan. In ba ka sami kayan gwaji ba, ka canza rubu'in ruwan kullum a makon farko, kwana bibbiyu a na biyu, ka kuma karanci kifin. Wanda ya taso sama yana haki, ko ya manne fiffikensa a jiki ya raɓe a kusurwa, ko wurin numfashinsa ya yi ja, yana gaya maka ka canza ruwa yanzu, ba sai gobe ba.

Naitirait takan biyo bayan amoniya da 'yan kwanaki. Tana shiga jinin kifi ta hana shi ɗaukar oksijin, sai ka ga yana haki alhali iska na ta kumfa a tanki. Gishiri yana taimakawa a nan, domin sinadarin kilorayid da ke cikinsa yana tare mata hanyar shiga jiki. Ƙaramin cokalin shayi ɗaya, a narkar a kofi, ya ishi dukan tankinka a irin wannan hali. Kada ka ƙara a kan haka don wani ya ce moli na son gishiri, koridoras da tsirrai ba sa jure mai yawa.

Wataƙila a rana ta biyu ko ta uku ruwan ya yi fari kamar an ɗiga madara. Wata bakteriya ce daban ta sami fili, tana washewa da kanta cikin 'yan kwanaki, ƙara iska kawai. Babban kuskuren da ake yi a nan shi ne mutum ya ga haka ya cire soso ya wanke, ko ya sake kwashe tankin gaba ɗaya. Soson nan kada ka taɓa shi har mako uku ko huɗu, sai in ya toshe ruwa ya daina wucewa, a nan ma cikin ruwan da ka zuƙo daga tanki za ka matse shi.

Cutar da na fi tsammani bayan irin wannan tafiya cikin sanyi ita ce ta fararen ɗigo, kamar an barbaɗa wa kifi gishiri, yana kuma goga jikinsa a dutse. In ka gan ta, ɗaga hita a hankali, digiri ɗaya a kowane rabin yini, har 29 ko 30, ka ƙara iska domin ruwan ɗumi ba ya riƙe oksijin sosai, a digiri 20 wajen miligiram 9 a lita, a 30 kuwa wajen 7.5. Sannan ka nemi maganin da aka yi don ita, ka karanta takardarsa game da kifi marasa ɓawo, irin su koridoras da fileko. Abin da za ka guje wa shi ne zuba shuɗin maganin nan metilin bulu, ko kafso na mutane, kai tsaye a tanki da sunan rigakafi. Masu sayar da kifi da yawa suna ba da wannan shawara, amma magungunan nan suna kashe bakteriyar da muke ta lallaɓawa. Kifin da ke bukatarsu a baho na daban ake yi masa.

Saura abubuwa biyu da suka shafi sabon gida. Na farko wuta. Ba ka san yadda layin unguwar yake ba tukuna, don haka ka tanadi ƙaramin injin iska mai batir ko mai caji, in kuma akwai sola ko inbata a gidan, filta da injin iska ba sa cin wuta, hita ce mai ci. In an ɗauke wuta ta wuce awa biyu ko uku, fito da soson daga cikin filta ka sake shi a tanki kusa da kumfar iska, ka lulluɓe tankin da bargo da daddare. In babu injin, ɗebi ruwan da kofi ka kwararo shi daga sama sau da yawa duk rabin awa. Na biyu feshi. Sabon gida ba ya rasa feshin sauro da kyankyasai, wani lokaci har da warin fenti. Magungunan sauro na gwangwani da na fiya-fiya guba ne mai tsanani ga kifi ko da kaɗan ne, kuma injin iska iskar ɗakin yake zuƙa ya tura cikin ruwa. In za a yi feshi, a fara kashe injin, a rufe tankin ruf da leda da jiƙaƙƙen tawul, a buɗe tagogi sosai kafin a sake kunnawa. Wanda ya fi ma, ɗakin da tanki yake a hana feshi a cikinsa, a sa gidan sauro da ragar taga. Ka faɗa wa uwargida da duk mai share ɗakin tun yau.

Idan ka yi kwana bakwai a jere amoniya da naitirait suna sifili, naitiret kuma tana ɗan hawa, tankin ya zauna. Sai ka koma ciyarwa kullum da canjin rubu'in ruwa duk mako, kana riƙe naitiret ƙasa da 40. Sabon kifi kuwa sai bayan wata guda, kuma biyu ko uku a lokaci ɗaya. In mako uku ya wuce naitirait ta ƙi sauka, soson ya fi yadda muka zata mutuwa. Sai ka nemi wani mai kiwon kifi a Kano wanda tankinsa ya daɗe kuma babu cuta a ciki, ka roƙi ɗan yankin tsohon sosonsa, ka kawo shi a jiƙe cikin awa ɗaya ka cusa kusa da naka a filta.